Ƙofar da ido ba ya gani: yadda muka ƙera ta da DNA a gasar BIOMOD

Ina shekarar farko ta digiri na biyu a wata jami'a da ke gabashin Jamus, bayan na kammala karatun kimiyyar sinadaran jiki a Zariya, aka sanar da mu cewa ana neman ɗaliban da za su kafa tawaga don shiga gasar BIOMOD. Shawn Douglas ne ya kafa gasar a 2011, lokacin yana cibiyar Wyss ta Jami'ar Harvard. Tsarinta a lokacin shi ne ɗalibai su shafe hutun bazara suna ƙera wani abu da kayan da ke cikin jikin mai rai, wato DNA ko RNA ko furotin, abin da ba a auna shi sai da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Daga nan su zuba duk abin da suka yi a shafin wiki, su haɗa gajeren bidiyo a YouTube, sannan da shigowar sanyi su je Amurka su tsaya gaban alƙalai su yi bayani. Ban tsaya dogon tunani ba na ba da sunana. Tun a Zariya na san DNA a matsayin ma'ajiyar gado, amma ban taɓa jin an ce ana gini da ita ba, kuma ina son in ga yadda ake yi da idona.

Mu tara muka taru, kowa da inda ya fito: Indiyawa biyu, 'yar Iran, ɗan Sin, ɗan Meziko, 'yar Yukiren, Jamusawa biyu, sai ni. Karatunmu na baya ma ya sha bamban. Akwai masu fiziks da ba su taɓa riƙe fifet ba, wato ɗan bututun da ake zuƙo ruwa ɗigo-ɗigo da shi a ɗakin gwaji, akwai kuma irina da muka saba da kwalabe da sinadarai. Jagororinmu uku ne. Akwai Farfesan da ya ba mu gurbi a ɗakin gwajinsa, muna ganinsa duk mako. Akwai wata Dokta 'yar Italiya da ta daɗe tana naɗa DNA. Sai wani Baturke ɗalibin digirin digirgir, teburinsa na daura da namu, shi ne kullum muke tare. A can kowa sunan Farfesa yake kira kai tsaye. Ni dai har muka rabu Farfesa nake ce masa, ita kuma Dokta, da suka ga haka tarbiyyata take sai suka ƙyale ni.

A zamanmu na farko Dokta ta haska hoto ɗaya a bango, hoton wasu 'yan fuskoki masu murmushi a warwatse a kan baƙin fili. Ta ce faɗin kowace fuska kusan nanomita 100 ne, alhali kaurin silin gashin kai yakan kai nanomita 80,000. Paul Rothemund na Caltech ne ya yi su, ya wallafa a mujallar Nature a 2006. Dabarar ta dogara ne a kan abin da duk ɗalibin kimiyya ya sani: haruffan DNA huɗu ne, A da T da G da C, A ba ta kama kowa sai T, G kuma sai C. Tun a 1982 Nadrian Seeman ya kawo tunanin cewa wanda ya iya tsara jerin haruffan zai iya sa zaren ya kama inda yake so, ya zama kayan gini. Rothemund ya ɗauko dogon zare mai sili ɗaya daga wani bairas mai suna M13 da ke kama bakteriya, haruffansa 7,249, sannan ya tsara gajerun zarurruka sama da 200. Kowane gajere, wani sashensa yana kama nan a jikin dogon, wani sashen kuma can nesa, sai ya jawo wuraren biyu su haɗu. Idan duka suka kama, dogon zaren yakan kai ya komo layi-layi, a jere a ɗaure, kamar karan asabari da zaren da ke ratsa su. Wannan shi ake kira origamin DNA. Dogon muna ce masa uwar zare, gajerun kuma maɗaurai.

Makonnin farko duk a gardamar abin da za mu ƙera suka tafi. Kowa ya karanta aikin da Douglas da Ido Bachelet da George Church suka fitar a mujallar Science a 2012, na wata 'yar ganga ta DNA mai kwaɗo wadda ba ta buɗewa sai ta haɗu da wata alama a jikin ƙwayoyin sankarar jini. Kowa kuma ya ga akwatin da 'yan Jami'ar Aarhus ta Denmark suka yi a 2009, mai murfi da ake buɗewa da mabuɗin DNA. Don haka rabin tawagar maganin sankara suke son haɗawa kafin bazara ta wuce. Ni kuwa zazzaɓin cizon sauro ne a raina. Na ga wani aiki da masu bincike a Hong Kong suka fitar a 2013, kan wani gajeren zaren DNA da ke cafke wani furotin na ƙwayar zazzaɓin. Sai na ce me zai hana mu yi ƙofar da wannan furotin ne zai buɗe ta, ta zama hanyar gwajin jini. Duk wanda ya taso a wajenmu ya san yawan yaran da ake ɗura wa maganin zazzaɓi ba tare da an gwada su ba, kuma DNA ta fi furotin jure zafi, abin da ke da muhimmanci a garin da wuta ba ta zama.

A waɗannan tarurruka ne na fara ganin amfanin jagora. Jamusawan nan biyu idan magana ba ta yi musu ba, nan take za su ce ba za ta yiwu ba, ba kuma da mugun nufi ba, haka suka taso. Ɗan Meziko da ɗaya daga cikin Indiyawan sukan mayar musu da murya sama. Ni da ɗan Sin kuwa tarbiyyarmu ba ta yarda mutum ya katse wani ko ya ƙaryata shi a bainar jama'a ba, sai mu gyaɗa kai, a ɗauka mun amince. Dokta ta zuba mana ido na ɗan lokaci, sannan ta sauya tsarin zaman. Kowa ya rubuta shawararsa da sukarsa a takarda ba suna, ita ta karanta. Ranar ce aka gano cewa suka mafi ƙarfi a kan shirin maganin sankara daga hannun ɗan Sin ta fito, mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba. Daga baya ta kafa dokar cewa a kowane zama wanda bai yi magana ba a zaman baya shi zai fara.

Da muka kai wa Farfesa shawarwarin da suka rage, ya saurare mu har ƙarshe. Ni ya juyo ya kalla, ya ce: "Ƙofarka ta zazzaɓi tana da kyau. To a ce ta buɗe, ta yaya za ka sani?" Na ce za mu duba a madubin ilektiron, wato na'urar da ke nuna abin da ya yi wa madubin likita ƙanƙanta. Ya ce: "Idan ka gan ta a buɗe, me ya nuna maka furotin ne ya buɗe ta? Wa ya ce maka ta taɓa rufuwa?" Ɗakin ya yi tsit. Ya ce mu fara yin ƙofar da ke rufuwa, wadda mabuɗin DNA mai sauƙi zai buɗe, mu tabbatar da hakan ta hanyar da ko maƙiyinmu zai yarda. Idan lokaci ya rage, sai a sauya kwaɗon da na zazzaɓi. Raina bai so ba, amma babu abin da zan ce.

Abin da muka tsayar shi ne alluna biyu na DNA, haɗe a gefe ɗaya da 'yan silin da ke lanƙwasa, ɗaya gefen kuma da kwaɗo. Kwaɗon zare biyu ne, ɗaya daga kowane allo, sun kama juna, amma ɗayansu yana da 'yar jela ta wasu haruffa da aka bari a sake. Mabuɗin kuwa zare ne da ya dace da mai jelar daga farko har ƙarshe. Da ya kama jelar sai ya riƙa ture abokin harafi bayan harafi har ya raba su, allunan su rabu. Wannan dabara ta turewa Bernard Yurke da abokansa suka nuna ta tun a 2000, da wani ɗan hantsakin DNA da suke buɗewa su rufe.

Zanen ya faɗa hannun 'yar Yukiren da ɗaya daga cikin Jamusawan, a manhajar caDNAno da Douglas ya fitar kyauta a 2009. Na zauna kusa da su don in koya, nan na gane dalilin da ya sa ake son masu fiziks a wannan sana'a. Zaren DNA mai sili biyu kaurinsa nanomita 2 ne, yana kammala juyi ɗaya a kowane haruffa goma da rabi. Maɗauri ba zai iya tsallakawa daga wannan layi zuwa maƙwabcinsa ba sai a daidai inda fuskokinsu ke kallon juna. A tsarin da muka zaɓa kowane layi yana da maƙwabta uku, kuma damar tsallakawa tana zuwa ne bayan kowane haruffa bakwai. Ka kuskure da harafi ɗaya ko biyu, sai allon ya murɗe. Da suka gama muka tura zanen zuwa CanDo, wata manhaja ta jami'ar MIT da ke hasashen siffar da abin zai ɗauka, ta nuna alluna miƙaƙƙu. Baturke ya sa mu bi maɗauran ɗaya bayan ɗaya, mu gyara waɗanda suka cika tsawo ko gajarta. A gefe guda kuma Indiyawan biyu suna ta rubuta wasiƙun neman tallafi, domin maɗaurai saye ake yi, ga kuma kuɗin jirgi na mutum tara.

Maɗauran suka iso cikin faranti masu ramuka 96, kowane rami da zarensa. Aikin farko shi ne a zuƙo ɗigo daga kowane rami a tara wuri ɗaya. Babu wata fasaha a cikinsa, amma idan aka tsallake rami ɗaya ba mai ganewa sai bayan makonni, don duk ruwa ne fari. Dokta ta ce mutum biyu za su riƙa yi, ɗaya na zuƙa, ɗaya na kiran lambar ramin da ƙarfi yana sa alama a takarda. Lokacin ya zo daidai da watan azumi. A wannan yanki, a tsakiyar bazara, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, azumin yakan haura awa goma sha takwas. Ni da 'yar Iran muna yi. Ba mu roƙi kowa komai ba, amma sai muka ga ɗan Meziko ya sake jadawalin aiki, ya ba mu safiya da dare, shi da Jamusawan suka ɗauki la'asar, lokacin da hannu kan fara rawa. Ranar Juma'a kuma sukan jinkirta abincin darensu mu sha ruwa tare a barandar ginin. Ban manta musu wannan ba.

Naɗin kansa ba ya ɗaukar hannu. Ana zuba uwar zare a ɗan bututu, a ƙara maɗaurai ninki goma don kada wani gurbi ya rasa mai kama shi, a sa ruwan da ke daidaita tsami, sai gishirin magnisiyam. Magnisiyam ɗin nan shi ne ginshiƙi. DNA tana ɗauke da cajin lantarki mai kore ɗan'uwansa, don haka layukan ba za su yarda su kwanta kusa da juna ba sai an sa abin da zai shiga tsakani. Idan ya yi kaɗan abin ba ya naɗuwa, idan ya yi yawa komai ya cure. Saboda haka akan jera bututai, kowanne da nasa awon, daga milimola 10 zuwa sama da 20 (milimola awon yawan sinadari ne a cikin ruwa). A sa su a injin PCR, ya ɗumama su zuwa digiri 80, sannan ya riƙa sanyaya su a hankali fiye da kwana guda. Kai dai sai jira.

Jel ne ke fara ba da labari. Ana dafa garin agaros da ruwa a zuba a faranti ya daskare, da 'yan ramuka a gefe ɗaya. A ɗura samfuri a kowane rami, a jona lantarki, a ajiye farantin cikin ƙanƙara don kada zafi ya warware naɗin. DNA takan bi ta cikin jel ɗin, ƙanana da dunƙulallu suna gaba, manya suna baya. Bayan 'yan awanni a kai shi ƙarƙashin hasken UV. Abin da ake fata shi ne layi ɗaya siriri mai haske, ɗan gaba da inda uwar zare ke tsayawa idan ita kaɗai ce.

Namu bai nuna haka ba. Muka tsaya cirko-cirko gaban allon kwamfuta, ɗaya daga cikin Indiyawan ya je ya kira Dokta ya ce mata bai yi ba. Ta zo ta ja kujera, ta ce: "Ban tambaye ku ko ya yi ba. Me kuka gani?" Muka fara lissafawa. Can ƙasa akwai haske mai yawa, wato maɗauran da suka yi saura. Ta ce da kyau, sai me? Layin uwar zare ya ɓace a duk bututan. Ta ce to me hakan ke nufi? 'Yar Iran ta ce ke nan maɗauran sun kama ta, wani abu ya naɗu. A bututan da magnisiyam ya yi kaɗan hasken ya baje, a sauran kuma ya maƙale a bakin ramin bai motsa ba. Dokta ta ce: "Ke nan kun gina wani abu, amma ya fi ƙarfin ramukan jel. Ku gaya mini gobe me ya sa." Ta tashi ta tafi.

Ɗan Sin ne ya samo amsar, a cikin takardar Rothemund ta 2006 ɗin nan da duk muke ganin mun karanta. Idan layin DNA ya ƙare a datse, harafin ƙarshe yakan manne da na ƙarshen wani layin, sai alluna su yi ta haɗuwa baki da baki su zama sarƙa. Rothemund ma ya gamu da haka, ya magance ta da sa 'yan haruffan T a bakin maɗauran gefe. Namu zanen duk gefunansa a datse suke. Da muka kai wa Baturke, sai ya ce ya lura tun kafin a yi oda, ya kuma gaya wa Dokta, ita ta ce a bar mu. Ran 'yar Yukiren ya ɓaci ƙwarai, ta ce an ci mana makonni a banza, har yau kuma ba ta sauya ra'ayi ba. Dokta ba ta musa ba. Ta ce ta auna ne ta ga maɗauran gefe kaɗai za a sake saya, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, lokaci kuma akwai saura. Da a ce kuskuren zai cinye duka farantan ne, da ta tsayar da mu. Ni ina ganin tana da gaskiya. Kafin wannan rana muna kallon jel ne mu jira a gaya mana ya yi ko bai yi ba. Bayanta kowa a tawagar ya iya karanta shi, har masu fiziks ɗin.

Da sababbin maɗauran suka zo, layin ya fito siriri tas a bututan tsakiya. Muka yanko shi da reza, muka matse ruwan, muka nufi madubin ilektiron.

Wannan mataki ina son in ɗan tsaya a kansa, don a nan ne mutum ke fara ganin abin da ya yi wata da watanni yana magana a kai. Samfurin ana ɗora shi ne a kan wani ɗan faifan jan ƙarfe mai raga, faɗinsa milimita 3, an shimfiɗa masa siririn kabon. Da hantsaki ake riƙe shi, numfashi mai ƙarfi ma kan iya hure shi. A ɗiga samfurin, a jira kaɗan, a tsotse ruwan da gefen takarda, sannan a ɗiga ruwan gishirin yuraniyom, a sake tsotsewa, a bar shi ya bushe. Gishirin nan guba ne, don haka Baturke ne ke tsaye a kanmu da safar hannu, kuma sai da aka ba mu horo kafin a bar mu mu taɓa. Aikin gishirin shi ne ya taru a kewayen DNA ya tare ilektiron, sai abin da ka gina ya fito fari-fari a kan duhu. Ɗakin madubin ba taga, sai ƙarar famfon da ke zuƙe iska. Baturke ya riƙa murɗa maɓallin yana yawo a kan faifan, ba komai sai toka-toka. Can sai ga wasu 'yan sanduna masu kauri, da ya ƙara kusantowa muka ga layukan a jere a jikinsu, daidai yadda aka zana. A faifan da muka sa wa mabuɗi kuma sai ga su a wage, allo nan allo can, haɗe a gindi. Na ce Allahu Akbar da ƙarfi ban san na faɗa ba. Ɗan Meziko ya rungume Baturke.

Washegari muka zaɓi hoto mafi kyau na rufaffiya da mafi kyau na buɗaɗɗiya muka kai wa Dokta. Ta taya mu murna da gaske, sannan ta tambayi hotuna nawa muka ɗauka da nawa muka kawo. Ta ce a cikin dubban ƙwayoyi, duk siffar da mutum ya shiga nema zai same ta. Abin da ta sa mu yi shi ne mafi wahala a duk aikin, kuma shi ne abin da nake alfahari da shi. Muka haɗa samfuri uku: marar mabuɗi, mai mabuɗin gaskiya, da mai mabuɗin bogi wanda tsawonsa ɗaya da na gaskiya amma an hautsina haruffansa. Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya muka rubuta ƙa'ida: wace ƙwaya za a ƙirga, wace ce karyayya, daga wace kusurwa za a ce ta buɗe. Baturke ya ɗauki hotunan, Dokta ta goge sunayensu ta sa lambobi, ta ajiye takardar fassarar a aljihun teburinta. Muka raba hotunan, kowa ya zauna da manhajar ImageJ yana auna kusurwar duk ƙwayar da ke cikin hoton, mai kyau da marar kyau, bai san daga wane samfuri ta fito ba. Ido yakan yi zafi, wuya ya sage. Sai da aka gama duka ta fito da takardar.

Da mabuɗin gaskiya mafi yawansu sun buɗe. Mabuɗin bogi bai yi komai ba, sakamakonsa ɗaya da na marar mabuɗi, wanda ya nuna jerin haruffan ne ke aiki. Amma a samfurin da ba a sa wa komai ba, wani kaso da ba za a kawar da kai a kansa ba shi ma a buɗe yake. Tambayar Farfesa ke nan ta tun farko: wa ya ce ta taɓa rufuwa? Dalili biyu muka hango. Ko dai a wasu ƙwayoyin zaren kwaɗon bai kama gurbinsa ba tun wajen naɗi, ko kuma bushewa a kan faifan ce ke wage su. Don mu raba gardama, 'yar Iran ta kawo shawarar a duba su a cikin ruwa. Muka liƙa rini mai ƙyalli iri biyu, Cy3 a bakin allo ɗaya, Cy5 a ɗayan. Idan suna kusa, ƙasa da nanomita 10, na farko yakan miƙa wa na biyu haskensa, idan suka rabu sai miƙawar ta yanke. Muka ɗiga mabuɗi muna kallon layin yana sauka a allon na'ura a hankali. Da na bogi kuwa bai motsa ba. Ƙofar tana buɗewa a cikin ruwa, wannan ya tabbata. Ƙara kwaɗo na biyu ya rage masu buɗewa da kansu, sai dai ya sa buɗewar ta ƙara jinkiri. A nan lokaci ya cim mana. Kwaɗon zazzaɓi bai samu shiga ba, kuma abin ya dame ni, don shi ne dalilin da ya sa na riƙa kwana a ɗakin gwaji.

Wajen rubuta shafin wiki aka sake tayar da jijiyar wuya. Ɗaya daga cikin Indiyawan ya ce a cire hoton jel ɗin da ya cure, a kuma rage maganar ƙwayoyin da ke buɗewa ba mabuɗi, kada alƙalai su rage mana maki. Na fahimce shi sarai. Da yawanmu tun daga sakandare an saba mana cewa sakamakon gwaji shi ne wanda ya yi daidai da littafi, wanda ya saɓa kuwa a ɓoye shi. Wannan karon jagororin ba su sa baki ba, Farfesa ya ce shafinmu ne. Muka kaɗa ƙuri'a a takarda yadda Dokta ta koya mana, aka bar komai a ciki, har da takardar ƙa'idar ƙirga. Bidiyon kuma ɗan Meziko ya haɗa shi da kwali da zaren ulu, hannuna ne ke tura mabuɗin.

Masu buƙatar biza a cikinmu tun tsakiyar bazara muka nema, Farfesa ya rubuta wa kowa wasiƙa. A watan Nuwamba muka sauka Boston. Taron a Harvard aka yi, ga tawagogi daga Amurka da Turai da Asiya, 'yan Japan sun fi kowa yawa da tsari. Mutum uku suka yi jawabinmu, ni na ɗauki sashen ƙirga. Dokta da Baturke suna zaune a baya cikin jama'a, ba su ce uffan ba har aka gama. Wani alƙali ya tambayi abin da zai faru da ƙofar idan aka sa ta a jinin mutum. 'Yar Iran ta karɓa, ta ce ba mu gwada ba, kuma akwai dalili biyu na fargaba: magnisiyam ɗin jini bai wuce kusan milimola 1 ba, alhali mu a sama da 10 muka naɗa ta, ga kuma sinadaran jini da ke daddatsa DNA. Wani kuma ya tambayi yadda muka tabbatar ba mu zaɓi hotunan da suka yi mana daɗi ba. Na yi masa bayanin lambobin da takardar da ke aljihun tebur. Bayan an tashi, ɗaliban wata tawaga suka biyo mu suna neman mu tura musu ƙa'idar ƙirgarmu.

Da muka koma Jamus, tun kafin a kwashe kayanmu daga teburin, muka zuba sauran samfurin a ruwan jini muka bar shi a digiri 37, muna ɗiba lokaci-lokaci muna sa wa jel. Layin ya riƙa dusashewa har ya ɓace. 'Yar Iran ta ɗauki wannan matsala ta zama aikin kammala digirinta, tana neman abin da za a lulluɓe ƙofar da shi. Farantan maɗauran muka rubuta musu suna muka ajiye a firiza tare da fayil ɗin zanen, don tawagar shekara mai zuwa. Ni kuma na je wajen Dokta da maganar kwaɗon zazzaɓi. Ta ce in kawo mata jerin samfuran gwaji da na awo a rubuce kafin ta sa hannu a kan odar ko zare ɗaya, har da furotin ɗin ɗan'adam mai kama da na ƙwayar zazzaɓin, wanda bai kamata ya buɗe ƙofar ba. Na kai mata a makon da ya biyo baya, ta gyara wurare biyu, muka tura odar.